Inna Hajo Ta Tashi Wasan Masu Jita

Jama'a, ku ji abin da nig gani yau Goronyo!

Masu kiɗan jita sunka zo daga birni, wai wasan taimakon waɗanda amai da gudawa ya kama. Sunka hau da Inna Hajo bisa dandali, wadda ciwon ya kashe ma ɗiya biyu. Mawaƙinsu yac ce, "Mama, ɗan yi kuka gaban kyamara."

Kuka?! Inna taz zaro gora cikin mayahinta tac ce, "Ga ruwan rijiyarmu, har yau ba a gyara ta ba. Sha!"

Yaj ja baya. "A'a, Mama..."

"To mi ya kawo ka?"

Wuri ya ruɗe! Samari sunka kashe janareto. Anka bi su da "Sha! Sha!" har sunka shige mota.