Roelof Mai Walda da Kwandalarsa

Duk wanda ya taɓa kai keke gyara a layin bayan tsohuwar majami'a a garin Kampen ya san Roelof Bakhuis, kuma da wuya ka sami wanda ya baro shagon yana sa masa albarka. Gyaransa babu na biyunsa, amma sai ya wanke ka tas kafin ya taɓa keken. Ka bar sarƙa ta yi tsatsa, kai jaki ne. Ka shafa mata mai da yawa, nan ma kai jaki ne. Haka muka yi ta kai masa muna shan zagi, don in ya yi wa ƙarfe walda, ko shi kansa sai ya lalubi wurin kafin ya gane inda ya haɗa.

Ɗan masu jirgin ruwa ne, a bakin kogin IJssel aka haife shi, ya ƙi ruwa ya kama ƙarfe. Ya auri Geesje, mace mai haƙurin da har haushi yake ba mutane. Allah bai ba su haihuwa ba, sai ya ɗauki kwandaloli a madadin 'ya'ya. Ba kowace kwandala ba kuma. Masu aibu yake nema, waɗanda suka fito daga gidan buga kuɗi da kuskure: wadda tambari ya tsage ya bar mata jijiya a kumatun sarauniyar da ke jikinta, wadda aka buga sau biyu har lambobin shekara suka yi inuwa, wadda ta zame gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Har 'yan alamomin da masu buga kuɗi ke sa wa kwandala ya haddace, ya san mai alamar ɗan kifi, ya san mai zakara. Mutumin da ba ya yafe wa ɗan Adam kuskure ko na ƙwayar zarra, shi ne ke bin na ƙarfe da soyayya.

Wata Asabar a kasuwa mai sayar da kifi ya miƙo masa kwandalar gulden ɗaya, kuɗin ƙasar a lokacin, cikin canji. Roelof ya juya ta kamar shafin littafi, yadda ya saba yi wa kowace. Ƙa'ida ita ce in ka juya gulden haka, zakin da ke bayanta ya fito kai a ƙasa. Nata zakin yana tsaye ƙyam, kambi a sama. An ɗaura tambarin baya a juye ranar da aka buga ta. Roelof ya manta kifinsa a kan tebur, ya tafi gida.

Ƙungiyar masu tara kwandala tana zama sau ɗaya a wata a ɗakin taron unguwa. A ba ka kofi, a ba ka biskit ɗaya, a rufe gwangwani. Idon ƙungiyar kuwa shi ne Egbert Stoffers mai sayar da cuku, wani dogo mai sanyin murya da farar safar hannu. Abin da Egbert ya ce na gaske ne, ya zama na gaske. Ya karɓi kwandalar ta gefe, yadda masu tarawa ke yi don kada yatsa ya ɓata fuskarta, ya kafa mata gilashi, ya juya, ya sake juyawa.

"Aiki ya yi kyau, Roelof," in ji shi a ƙarshe. "Gaskiya Allah ya ba ka hannu."

"Wane aiki?"

"Haba mutumina, da mu kuma? Ka rarake ɗaya, ka fere ɗaya, ka zura wannan cikin waccan, ka bi da dalma. Ina ce sana'arka ce?"

"Ɗora ta a sikeli, maƙaryacin banza!"

"Wanda ke haɗa karyayyen keke ba a ga tabo ba, nauyi ne zai gagare shi?"

Aka kwashe da dariya. Daga ranar sunansa ya koma Mai Walda, kuma ba sana'arsa ake nufi ba. Babu wanda ya ƙara musayar kwandala da shi. In ya kawo wani abu, sai ka ga ana kallon juna ana murmushi. Abin ya ci masa rai fiye da yadda baki zai faɗa, don Roelof mugun baki gare shi, amma bai taɓa cutar kowa da ko ƙusa ɗaya ba, kuma wannan ne kaɗai abin da yake taƙama da shi a duniya.

Bai bar ƙungiyar ba. Kowane wata sai ya zo ya zauna daidai gaban Egbert, ya sha kofinsa yana harararsa.

"Kai dai ka rabu da mutanen nan," Geesje takan ce. "Ko ka aika ta birni masana su duba, mu huta."

"Ba ta barin hannuna. Kuma ba takardar wani nake so ba. Bakin da ya faɗa, shi zai janye."

"To sai ka mutu kana jira."

Ita ce ta riga shi. Ranar jana'izarta Egbert ya zo, ya ci kek, ya miƙo hannun ta'aziyya. Roelof ya dubi hannun har sai da mai shi ya mayar aljihu. Gulden ma ta mutu, yuro ta zo, gashin kowa ya yi fari, Roelof da Egbert ba sa ga maciji da juna.

Abin da ya tunzura shi ƙarami ne. Wani sabon ɗan ƙungiya, dattijo mai fara'a da ya ƙauro daga Zwolle, ya zo ya gaishe shi da ladabi.

"Ashe kai ne gwanin da ya haɗa gulden biyu ta zama ɗaya? Ranka ya daɗe, har garinmu ana ba da labarinka!"

Babu mugunta a fuskar mutumin, kuma wannan ne ya fi yi wa Roelof ciwo. Ƙaryar ta girma ta zama tarihi. In ya mutu, da ita za a riƙa tunawa da shi.

A zama na gaba ya iso da abin matse ƙarfe ɗaure a bayan keke, zarto a hammata. Ya ture gwangwanin biskit, ya ɗaura abin a bakin tebur.

"Roelof, teburin ba namu ba ne!" in ji shugabar ƙungiya.

"Sai ki kai ni ƙara."

Ya fito da kwandalar. Shekara da shekaru bai taɓa kama ta ba sai ta gefe, amma ranar ya ɗora babban yatsa a kan fuskarta, ya shafa a hankali. Sannan ya matse ta, ya ɗora zarto. Wani ya yi salati irin nasu, wata ta rufe ido. A wajen mutanen da ke ganin goge kwandala da tsumma ma zunubi ne, wannan kisan kai ne da rana tsaka. Ƙarfen yana da tauri, zarton yana ƙara mai tsinka haƙori, gumi na ɗiga daga hancinsa, bai tsaya ba har ta rabu biyu.

Ya tura rabi ɗaya tsakiyar tebur. Aka riƙa miƙa wa juna ana dubawa. Ƙarfe ɗaya ne tun daga fuska har baya, babu rami, babu dalma, babu layin haɗi. 

"To, Stoffers," in ji Roelof yana haki. "Buɗe bakin nan naka."

Egbert ko gilashi bai ɗauka ba. Ya sa hannu a aljihun ƙirji, ya zaro wata gulden cikin ɗan kwali, ya ɗaga ta kowa ya gani, ya juya ta kamar shafin littafi. Zakinta na tsaye, kambi a sama.

"Ta gaske ce, tun ranar da ka kawo ta na sani," ya ce da sanyin muryarsa. "Tawa ta riga taka zuwa. Ni kaɗai nake da ita, sai ga mai gyaran keke da 'yar'uwarta. Biyu sun yi yawa, Roelof. Na gode da ka rage."

Aka hau salallami, shugaba ta ce ba ta taɓa jin rashin kunya irin wannan ba. Egbert ko a jikinsa, ya wuce shekarun jin kunyar kowa. Roelof ya ɗauki rabin da ke kan tebur, ya jefa shi tsundum cikin kofin Egbert, kofi ya fantsama a farar safar. Ya kwance kayansa ya fita, bai ƙara taka ɗakin ba.

An daina ce masa Mai Walda. Yanzu Mai Zarto ake ce masa, mahaukacin da ya yanka abin da ya fi so a duniya don a yarda shi ba maƙaryaci ba ne. Ya rufe shago, amma ɗaya rabin yana aljihunsa kullum. In rana ta fito yakan zauna a bencin bakin kogi ya ciro shi, ya juya shi kamar shafin littafi. Kuma har yau ta gefe yake kama shi.