Ranar da Diskin Badaru Ya Cika

A Tsarnawa, daidai inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar da ta fito daga Konni ta nufi Malbaza, akwai wani shago mai shuɗiyar ƙofa. Ba a sayar da komai a cikinsa. Benci biyu ne, da babbar talabijin a jikin bango, da kwamfuta a kan tebur an lulluɓe ta da tsohon zane. Amma duk ɗan kokowar da ya taɓa shiga fili tsakanin Illela da Konni ya san wurin, domin a nan ake ajiye kokowarsa.

Mai shagon sunansa Badaru. Haifaffen wani ƙauye ne kusa da Illela, ɗan manomin gero. Da ƙuruciya shi ma ya ɗaura layu ya shiga fili, sai dai bai daɗe ba ya gane ƙasa ta fi kowa son bayansa. Ya koma Malbaza yana lodin siminti a manyan motoci, har wata rana wani direba ya sayar masa da tsohuwar kamara. Daga nan duk inda aka buga gangar kokowa bayan kaka, za ka ga siririn mutumin nan a bakin fili, ido ɗaya a rufe, yana ɗauka.

Abu biyu aka san shi da su. Na farko, ba ya kashe kamara. Tun yana sabon hannu aka taɓa yin wani kaye cikin ƙiftawar ido yana tsaka da gyara hula, daga ranar ya ce da zarar makaɗa sun iso zai kunna, ba zai kashe ba sai fili ya watse. Na biyu, ba ya share komai. Ya yi wa ƴan kokowa alkawari a bainar jama'a cewa duk wanda ya shiga kamararsa ya shiga ke nan, jikokinsa ma za su zo su gani. Saboda haka tsofaffin ƴan kokowa sukan biyo ranar kasuwa, su zauna a benci su ce a sa musu tasu.

Duk wannan yana taruwa ne a diski, ma'ajiyar da ke cikin kwamfutar. Akwai wani ɗan layi a allon da ke nuna yadda diskin yake cika. Da can shuɗi ne. Ranar da ya koma ja, Badaru murna ya yi. A gidansu, rumbun da aka cika har wuya shi ake nuna wa baƙo, mai rabin rumbu kuwa shiru yake yi. Ya riƙa nuna wa mutane jan layin yana cewa a taya shi godiya. Da na'urar ta fara nauyi, sai ya ce tsufa ne.

Taubashinsa Faruk, mai gyaran kwamfuta a Konni, ya sha gaya masa. "Kai baƙauye, wanga ba rumbun babanka ba ne. Bar mata wurin da za ta juya."

"Mi za ta juya? Tuwo?" in ji Badaru. "Kai dai ka saba da kayan mutane, ba ka taɓa tara naka ba."

Haka ake ciki har kakar da aka yi babbar kokowa a Tsarnawa, wadda aka sa bijimi ga wanda ya yi nasara. Karon ƙarshe ya haɗa Yari, ɗan Illela, da Maman Sani na Malbaza, wanda ake cewa yana ɗaukar buhun siminti biyu a kafaɗa ɗaya. Sun daɗe suna zagaye da juna, kai da kai. Can sai Yari ya kutsa ya kama ƙafa, Maman Sani ya danne shi ta sama, suka tafi ƙasa tare, rim! Fili ya ɗauka. Mutanen Illela suka ɗaga nasu, mutanen Malbaza suka ɗaga nasu. Alƙalin wasa ya tsaya a tsakiya da usur a baki, ya rasa hannun da zai ɗaga. Mai riƙe da bijimi ya ƙara naɗe igiya a hannunsa.

Wani dattijo ne ya ɗaga murya. "Ina Badaru? Ai shina da ita cikin kamara!"

Aka yarda duka: gobe da hantsi a shagon Badaru, a rage gudun hoton, a ga wanda ya fara taɓa ƙasa. Abin da kamara ta nuna shi ne hukunci. Badaru ya koma gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa don daɗi. Shekara da shekaru yana bakin fili, yau fili ne zai zo wurinsa.

Washegari tun kafin ya buɗe ƙofa babura sun cika gaban shago. Motar Malbaza ta sauke mutane, ƴan Illela sun zo da makaɗinsu, masu shayi sun kafa tebur. An ɗaure bijimin a gindin bishiyar bedi. Badaru ya yaye zane da alfahari, ya zare katin kamara ya sa a kwamfuta, ya ce ta kwashe.

Ta ƙi. Wani ɗan akwati ya fito a allo yana cewa babu isasshen wuri. Ya sake, ta sake ƙi. Ya ce to bari ya buɗe hoton daga katin kai tsaye ya rage masa gudu. Hoton ya fito, Yari ya sunkuya, sai komai ya daskare, ƙafar Maman Sani a sama. Waje aka fara bubbuga ƙofa.

Ya kira Faruk a waya. Faruk ya yi dariya sai da ya ƙoshi, sannan ya yi magana ta hankali. Na'urar, in ji shi, ba ajiya kawai take yi a diski ba, a kansa take aiki. In za ta rage gudun hoto, sai ta baje shi a wani fili tukuna, kamar mai sussuka da ke bukatar wurin shiƙa. Layin yakan koma ja idan abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Mai aikin hoto irin nasa kuwa gara ya bar kashi ɗaya cikin biyar babu komai.

"Kashi ɗaya cikin biyar? A banza?"

"Ba a banza ba, baƙauye. Nan take aikinta. Ka share wani abu yanzu, ko ka hita ka gaya musu su raba bijimin da wuƙa."

Sabon diski sai an aika Sakkwato, jama'a kuwa ga su a ƙofa. Badaru ya fito ya hau benci ya faɗi gaskiya: diski ya cika, sai an fitar da wani abu kafin kokowar jiya ta shiga, shi kuma ya yi alkawarin ba zai share ta kowa ba.

Ya zaci za a yi fushi. Maimakon haka sai wani tsohon ɗan kokowa mai suna Rabo ya turo kai, fuska cike da fara'a. "Ɗana, ni na yahe maka alkawarin. Wadda anka kada ni a Dogarawa, share ta yanzu, Allah shi yi maka albarka."

Kafin ya rufe baki hannaye sun tashi ko'ina. Kowa yana da kayen da yake so ya ɓace daga duniya, kowa yana rantsuwa don zaman lafiya yake yi. Sai Yakuba, wanda shi ne ya kada Rabo a Dogarawa, ya ratso taron da sandarsa.

"Wace za a share? Tawa? Rabo, ashe har yau tana yi maka ciwo?"

"Santsi ne ya kwashe ni, kowa ya sani."

"Santsi a watan rani! Badaru, in ka taɓa ta sai mun je gaban maigari."

Wurin ya kaure da dariya da gardama. Nan Badaru ya ga inda matsalar take: duk kayen da wani ke roƙon a share, nasarar wani ce, kuma mai nasarar yana tsaye a wurin. Ko da an yarda ma, kaye ɗaya ɗan mitsitsi ne, ba zai buɗe wurin kirki ba.

Wannan tunanin ne ya tsayar da shi. In kokowar kanta gajeruwa ce haka, to me ya cika masa diski? Ya koma ciki da sauri. Kamararsa takan yanka ɗaukar yini guda gunduwa-gunduwa da kanta. Ya buɗe gunduwar farko ta wata tsohuwar kokowa: wani babban baƙo ne riƙe da lasifika yana gaida manyan baƙi. Ta biyu, wani ne yana gode wa wanda ya yi gaisuwar. Ta uku, kujeru ne ake jerawa. Sai can wajen ta shida mutum biyu suka kama juna.

Ya leƙo ta taga ya ƙwala murya. "Jama'a! Alkawarin da na yi, da ƴan kokowa na yi shi. Akwai wanda ke son a bar mishi jawabin manyan baƙi?"

Sai ihu ya tashi har bijimin ya zabura. "Share! Share!" Makaɗin Illela ya kama kiɗa a kan kalmar, mutanen Malbaza suna amsawa, karon farko da suka haɗa baki tun jiya.

Badaru ya zauna yana buɗe kowace gunduwa, yana tabbatarwa babu kokowa a ciki, sannan ya share. Rabo da Yakuba suka tsaya a kansa, kowa yana gadin ɗan'uwansa. Ya share da yawa, ya duba layi, yana nan ja wur. Ya sake kiran Faruk.

"Ka zubar da kwandon sharar kwamfutar? Abin da ka share yana nan ciki, ka dai kai shi bayan ƙofa ne."

Ya zubar. Jan layin ya ja da baya, ya koma shuɗi, ya bar fili fari a gefensa. Wannan karon katin ya shige ba gardama.

Aka fito da talabijin aka ɗora a kan tebur a inuwa. Yari da Maman Sani suka zauna a gaba, alƙali a tsakaninsu. Hoton ya tafi a hankali, kamar ana tafiya cikin ruwa. Ga Yari ya kama ƙafa. Ga su sun karkata. Badaru ya riƙa matsawa kaɗan-kaɗan, ba mai ko tari. Sai ga kwankwason Maman Sani ya dira a rairayi, ƙasa ta yi tsalle, bayan Yari kuwa da sauran tazarar tafin hannu.

Maman Sani bai jira alƙali ba. Ya miƙe ya kama hannun Yari ya ɗaga sama da kansa. Mutanen Illela suka ruga gindin bedi suna kwance igiya.

Badaru ya daɗe tsaye a ƙofar shago, mutane na wucewa suna dukan kafaɗarsa. Bai share kokowar kowa ba. Tun daga ranar, kowace kokowa ya dawo, yakan fitar da jawabai da jeren kujeru kafin ya ci abinci, kuma da ya ga farin filin nan ya fara ƙanƙancewa sai ya aika a sayo wani diskin. Ana cikin hayaniyar ranar sai ya tuna katin kamararsa yanzu babu komai a ciki, ga shi an ɗora Yari a kafaɗa, bijimi a gaba, an nufi hanyar Illela. Ya zari kamarar ya bi su da gudu, bai ko rufe shagon ba.