Na Ce Masa Maigida Ba Ya Nan

Lokacin shekarata biyu da aure a Zangon Kwatano, ina tsoron Allah, ina tsoron bakin mutane, kuma ban iya bambanta su ba. A gidanmu an hore mu cewa baƙon namiji ba ya ƙetare bakin ƙofa in maigida ba ya nan.

Wata rana bayan azahar, faɗa ya ɓarke tsakanin ƙungiyoyi biyu na 'yan dako a kan waɗanda za su sauke kamiyon, wato babbar motar albasa. Faɗan bai daɗe ba, ɓangare ɗaya ya karye. A gudun ne aka yi ɓarna. Ta taga na ga suna zubar da sanduna da takalma don su ji sauƙin gudu, wasu suna faɗawa kwata, wasu sun nufi hanyar unguwar Akpakpa, ana bin su da gora da ƙugiyar jan buhu. Wanda ya faɗi sai an taru a kansa.

Sai na ji sallama. Wani magidanci ne mai furfura, jini ya rufe masa ido ɗaya. Ƙofar a buɗe take, da ya so da ya afko, amma ya tsaya yana haki, yana kirana 'yata, yana roƙon in bar shi ko bayan ƙyaure ne ya laɓe. Na amsa sallamar, na ce masa maigida ba ya nan. Ya ce ya sani, don girman Allah. Na maimaita masa, na tura ƙofa, na ja sakata da hannuna.

A jikin ƙofar suka cim masa. Ƙarfen ƙofar yana girgiza a bayana duk lokacin da gora ta sauka, ina jin yana salati har muryar ta ɗauke. Kafin a kai shi asibiti ya cika.

Da maigidana ya dawo bai yi faɗa ba. Ya dubi jinin da nake wankewa, ya tambaye ni wane malami ne ya gaya min kunya ta fi rai.

'Yan uwana mata, mu nemi ilimin addini, mu san inda al'ada ta tsaya. Bawan Allah nan ya girmama dokar gidana da ransa, ni kuwa ban girmama ransa ba. Ku taya ni roƙa masa rahama, ni kuma gafara.