Hantar Da Na Riƙa Kai Miki, Rehnuma

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis, tara ga watan Janairu, da hantsi, Allah Ya karɓi ranki a asibitin Baharampur, ke Rehnuma Mollah, marubuciyar unguwarmu, kina da shekara arba'in da ɗaya.

Tun kina goye ake ƙara miki jini duk wata, domin jikinki ba ya yin mai kyau. A kan gadon asibitin kika rubuta rabin littattafanki, hannu ɗaya da allura, ɗaya da biro. Ke kika saka matan da ke kiwon tsutsar siliki a bakin kogi cikin labari, har mutanen Kolkata suka san da zamansu. Duk yaron da aka kwantar kusa da ke kuwa, sai kin ba shi tatsuniya har ledar jininsa ta ƙare.

Ni ƙawar mahaifiyarki ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ban iya ganin fuska a koɗe in yi shiru ba. Mu nan, in an ce mutum ba shi da jini, mun san abin yi: hantar akuya, ganyen gwaza da aka dafa a kaskon ƙarfe, mazarƙwailar dabino, da kwalbar maganin ƙarin jini daga kemis. Shekara da shekaru ina tsallako da kwano. Kikan yi dariya ki ce, “Inna Hasina, so kike in fi ƙarfin ƙofa?” Ni kuma in ce, “Ci dai, ’yar nan, surutu ba ya cika jijiya.”

Ranar sadakar uku ƙanenki Anisur ya ce min ƙarfe ne ya kashe ki. Jinin da ake ƙara miki shi ke tara sinadarin ƙarfe a zuciyarki, kuma tun kina yarinya likita ya hana ki duk abin da zai ƙara shi, irin su hanta da ganyen da nake kawo miki.

Na ce, “To, abincin da nake kawowa, zubarwa take yi ke nan?”

Ya ce, “Na sauran mutane, i. Naki kuwa, Inna, ai tsayawa kike a kanta sai ta cinye.”

Ya yi ta rantsuwa cewa likita ya ce abinci kaɗan ne laifinsa. Wataƙila haka ne. Amma kunya ta hana ni ɗaga ido. Na koyar a makaranta har na yi ritaya, amma ban taɓa zama na tambaye ki mene ne ciwonki ba. Ke kuma kin gwammace ki haɗiye da ki ba tsohuwa kunya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki Jahanara, da Anisur, da masu karatunki duka. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa jinyarki ta zama kaffara, Ya ba su haƙuri. Ni kuma, Rehnuma, Allah Ya yafe min kowane cokali.