Masarar Malam Iliya

Wata Asabar ce, farkon daminar shekarar da na shiga aji huɗu, malamin gona ya fara zuwa gonarmu. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi, na kawo wa Baba kunu daga gidanmu na Tudun Wada, sai ga wani dogon mutum ya jingine babur a gindin ɗorawa, da igiya naɗe a kafaɗa. Malam Iliya sunansa. Bayan gaisuwa ya roƙi Baba kusurwa ɗaya ya gwada sabon irin masara. Baba ya daɗe yana kallon wurin, don nan dawarmu ta fi yin kyau, sannan ya ce, "To Malam, amma tuwon yara kake roƙo."

Ni da yayana Sani muka riƙe igiyar, an yi mata ƙulle-ƙulle, kowane ƙulli rami ɗaya. Mu wasa muka ɗauki abin, muna tseren wa zai riga kaiwa ƙarshen kunya. Ya koya mana auna takin zamani da murfin kwalba, da binne shi ɗan nesa da tsiro. Duk mako yana tafe, ya duba ganye, ya ci gyaɗa tare da mu. Da kaka ta yi, masarar nan ta ba kowa mamaki. Inna ta yi kwanaki tana surfe, hannuwanmu suka yi kanta wajen ɓara, har maƙwabta daga Gyallesu suka zo neman iri.

Da damina ta zagayo Baba ya bar dawa, ya shuka masara gona guda. Takin da aka ce gwamnati za ta kawo bai iso ba, Malam Iliya ma shiru. Muna dawowa daga makaranta mu wuce gona mu yi ta cire ciyawar wuta-wuta mai kashe amfanin gona, ganye kuwa sai ƙara rawaya yake yi. Sai da masara ta fara fidda kai a tsamure Malam Iliya ya zo, a ƙafa, takalmansa duk taɓo. Babur ya lalace, ofis ba su gyara ba, ƙauyukan da aka ɗora masa kuma sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Ya zagaya gonar, ya zauna a kan kunya ya ce, "Baba, na makara." Baba bai ɗaga murya ba, ya dai miƙa masa ruwa. A shekarar nan tun kafin rani ya yi nisa rumbu ya ƙare, muka koma garin rogo safe da yamma, Inna ta sayar da akuyoyinta. Daga baya muka ji an yi wa malamin canjin wuri.

Yanzu gonar ta zama gidaje. Sani yana noma can bayan gari, ya fara furfura, bai taɓa ganin malamin gona a bakin gonarsa ba. In tsutsa ta faɗa wa masara sai ya tsinko ganye ya kai wa mai sayar da magani a kasuwa, duk kwalbar da aka miƙo masa ita zai fesa. Nakan tuna yunwar shekarar nan, in rasa wanda zan ɗora wa laifi. Mu dai a zamaninmu akwai wanda yakan tako ya duba.