Kwikwiyar da Aka Sayar Ina Cikin Takaba

Maigidana mafarauci ne, ubansa ma mafarauci ne. Da damina yana zaune a soro yana dukanci, yana ɗinka kube da jakar fata. Rani na shigowa sai ya rataya kayansa, ya kira karnuka, su bi motar 'yan farauta zuwa daji. Gidanmu a Madabo yake, can cikin lungu, inda katangar wannan ita ce katangar wancan. Ajiye kare a irin wannan wuri sai da haƙurin maƙwabta, kuma sun yi mana haƙuri shekara da shekaru.

Karnukanmu ba sa shiga tsakar gida. Akwai wani kango a bayan gidan, na kakanninsa, ɗakunan duk sun zube, sai tsamiya guda da ta rage a tsaye. Nan suke kwana, nan suke yini. Kaskonsu daban, ludayin zuba musu daban, kuma ni ce mai zubawa tun ina amarya: ƙanzo, dusa, ɗan romon ƙashi idan an samu. In na gama sai in wanke hannu, in sake zane, sannan in tsaya salla.

Ba ya sayar da kare. Ya ce malaminsa ya hana shi cin kuɗin kare, in dai wanda aka ba ya kawo goro, to, a karɓa. Amma kyautar tasa ta fi ciniki wuya. Ba ya raba kwikwiyo da uwarsa sai ya saki nono ya iya cin kasko. Ba ya bayarwa sai an kai shi asibitin dabbobi an yi masa allurar hauka. Kuma ba ya bayarwa sai ya taka da ƙafarsa ya je ya ga gidan da za a kai shi, ya ga inda zai kwanta, ya ga hannun da zai ba shi abinci.

Da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, sai masu neman kare suka canza. Da can mafarauta ne da masu lambu. Yanzu sai ga kansiloli da 'yan kwangila, sun yi gini a bayan badala, suna son abin da zai yi haushi a bakin ƙofa. Na tuna wani da ya aiko da mota har bakin lungu. Maigidan ya shiga motar, ya je, ya dawo a ƙafa. Na ce lafiya? Ya ce gida har gida, amma ya tambayi wa zai riƙa zuba wa karen abinci, matan suka ce Allah ya kiyaye, maigadi ya ce shi ba a ɗauke shi don wannan ba. Shi ke nan, bai bayar ba.

Ana nan ana nan, waya ta shiga hannun kowa, har aka kai lokacin da take ɗaukar hoto. A wannan zamanin ne Allah ya yi wa maigidan rasuwa, bayan 'yar gajeruwar jinya. Ya bar karya guda, ja, kuma ya bar ta da ciki. Na shiga takaba, ita kuma ba a jima ba ta haihu a gindin tsamiya, 'ya'ya biyar.

Huɗu ba su ba ni wahala ba. Abokan farautarsa suka zo, gidajensu na san su tun da, ya sha ba su kare sun riƙe da kyau. Da suka isa rabuwa da nono kowa ya ɗauki nasa. Sai mace guda ta rage, fara, mai baƙin kunne ɗaya. Mafarauta ba su so ta ba, sun ce farin kare nama yana hango shi daga nesa.

Ɗana na fari tela ne, yana da shago a Gwale. Shi bai gaji farauta ba, tun yana ƙarami warin kango yake gudu. Ya ce, "Inna, bari in ɗauki hotonta in sa a waya, inda mutane suke tallan kaya. Ba za a rasa mai so ba." Na ce ya sa, amma duk mai so ya zo da kansa. Ya ɗauke ta tana kwance a jikin uwarta, ya sa.

Wata ranar Talata da hantsi ina tsintar shinkafa, sai na ji sallamar mace. Babbar mace ce, za ta yi sa'ar ƙanwata, da mayafi mai tsada da waya a hannu.

"Nan ne gidan masu karnuka?"

"Nan ne. Shigo, ga tabarma."

"Ba zama na zo yi ba, Inna. Karena na zo ɗauka."

Sai ta dube ni da kyau, ta ga ba kwalli ba ɗan kunne, ta ga carbi a gefena. Ta tuɓe takalmi ta zauna, ta ce ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na ce amin. Muka shafa fatiha. Tana sauke hannu ta ɗauko wayar ta miƙo mini.

"Wannan ba a gidan nan take ba?"

Na duba. Kwikwiyarmu ce, ga uwarta, ga saiwar tsamiya, har ga bakin kaskon da ya fashe.

Ta ba ni labari. Ita Hajiya ce daga Gwammaja, tana kiwon raguna da kaji a wani fili da ta saya a bayan gari. Ɓarayi sun haura mata sau biyu, aka ce ta nemi kare. Ta ga hoton nan a waya, da lambar wani mutum a ƙarƙashi. Ta kira, ya amsa da daɗin baki, ya ce shi ne mai karnukan, amma ya yi tafiya, ta tura kuɗi ta banki zai sa a kawo mata. Ta tura. Ya ce a ƙara na allura, ta ƙara. Ya ce a ƙara na mota da na kwandon da za a sa ta, ta ƙara. Ya ce ta je tasha ta tarbi direba. Ta yini a tasha tana leƙa motoci, wayarsa kuwa a kashe, har ranar da take ba ni labarin ba a kunna ba. Da ta rasa yadda za ta yi, sai ta nuna hoton ga wani tsohon mafarauci da ke sintiri a layinsu. Yana gani ya ce ai wannan jar karyar gidan marigayi ce a Madabo.

"To ga ni na zo," in ji ta. "Ko ɗanki ne, ko abokin ɗanki ne, ni ban sani ba. Ni dai na biya."

Na aika aka kira ɗana daga shago. Ya zo da tef ɗin awo rataye a wuya. Ya karɓi wayarta, ya ɗauko tasa, ya jera su. Hoto ɗaya ne, lamba ce daban. Wani ne ya kwafi hoton daga inda ɗana ya sa, ya maƙala tasa lambar, yana sayar da abin da bai taɓa gani da idonsa ba. Ɗana ya rantse mata bai san mutumin ba. Ta ce ai kowa ya iya rantsuwa. Ta ce in ba a ba ta karenta ba, akwai hukuma a garin nan.

Ya ja ni gefe, bakin madafi.

"Inna, a ba ta kawai. Da ma mai so muke nema, ga mai so ta zo. Kada gobe a ce gidan Baba ana damfara, ko arba'in ɗinsa ba a daɗe da yi ba."

Na ce ba a ga gidanta ba.

"Ni sai in je in gani yanzu."

Na ce, "Kai a yadda kake jin kunyar nan, ko a kan kwalta za ta ɗaure ta cewa za ka yi ya yi."

Ni kuma ba ni da halin fita, takabata da saura kusan rabi.

Kafin la'asar magana ta zaga lungu. Mai unguwa ya zo ya tsaya a soro, ni ina daga ciki bayan labule. Ya yi gaisuwa, sannan ya ce maƙwabta sun yi haƙuri da karnuka don darajar marigayi, yanzu kuma ga baƙi suna zuwa da maganar 'yan sanda. Ya ce, "Inna, a kashe maganar nan, a miƙa mata, kowa ya huta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya ci kuɗinta ba a gidan nan yake ba. Kwikwiyar nan kuma ba ta ci kwabon kowa ba, ba za a biya asarar wani da ita ba. Ban ce ba zan ba ta ba. In na fita takaba zan je in ga wurin, in ya yi, ta ɗauka, ko goro ba na so."

Hajiya tana jin mu. Ta matso ta buɗe wayarta, ta ce ga filin, ga katanga, ga raguna, in duba in gani, me ya rage?

Na ce, "Hajiya, ba hoto ne ya kai ki tasha ba?"

Sai ta yi wata 'yar dariya da ba ta shirya yi ba, ta ce, "Tsohuwar nan, Allah ya shirye ki." Ta sa takalminta ta tafi, ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba.

Ɗana ya cire hoton a ranar, ya rubuta a wurin cewa duk wanda aka nemi ya tura kuɗi a kan wannan kwikwiyar, ɓarawo ne ke magana da shi. Ya ce mini wasu mutum biyu sun kira shi daga baya, su ma an ci nasu.

Ranar Juma'a sai ga Hajiya da ƙulli a leda. Ƙashi ne daga mahauta. Ta ce tunda an hana ta kayanta, bari ta ga ko ana ba shi abinci. Na kai ta kango ta ƙofar baya. Ta tsaya nesa, ta tattare zanenta, ta ce ita tun da take ba ta taɓa tsayawa kusa da kare ba. Na nuna mata yadda ake zubawa a ja da baya, yadda ake magana da kwikwiyar kafin a matso, yadda ake gane ta ƙoshi. Juma'ar da ta biyo baya ta dawo. Wata Juma'ar ba ta zo ba, na ce to ta haƙura, sai ga ta ran Asabar tana cewa biki ne ya riƙe ta. A hankali kwikwiyar ta san muryarta, tana jin sallamarta daga soro sai ta fara kaɗa wutsiya. Ɗaya daga cikin abokan maigidan ya kai ta aka yi mata allura.

Na fita takaba, aka yi waina aka raba sadaka. Washegari Hajiya ta zo da a-daidaita-sahu muka tafi. Rabon da in ga titi tun ranar da aka kai maigidan asibiti.

Filin nata babba ne, da katanga, da rijiya, da wani dattijo makiyayi da ke kwana a wurin. Na tambaye shi ko ya taɓa riƙe kare, ya ce a ƙauyensu da kare ya tashi. Wannan ya yi mini. Sai na ce a nuna mini inda za ta zauna. Aka kai ni tsakiyar fili, inda aka shafe da siminti, an kafa turken ƙarfe da 'yar gajeruwar sarƙa. Ba bishiya, ba rumfa. Na tuɓe takalmi na taka simintin, ko azahar ba ta yi ba, na ɗauke ƙafata da sauri.

Na ce bai yi ba.

"Inna!" in ji Hajiya. "Ko 'yarki nake nema wa ɗana, ai binciken nan ya isa haka."

Na ce ragunanta suna da rumfa, kajinta suna da rumfa. A yi wa wannan ma a jikin katanga, a bar mata ƙasa ba siminti ba, a ajiye mata ruwa, kuma a kwance sarƙar in rana ta faɗi, don kare a ɗaure ba ya korar ɓarawo. Ta mayar da ni gida. Da na sauka ta ce, "Sai kin gani dai ko?" Na ce sai na gani.

Sati bai cika ba ta aiko. Na koma. An yi rumfar zana a jikin katangar gabas, an zuba yashi, ga sabon kasko, ga tsohon bokiti cike da ruwa. Na ce ya yi. Da yamma ɗana ya sa kwikwiyar a kwando, Hajiya ta riƙe kwandon a cinyarta, da zanen nata mai tsada.

Bayan wasu watanni, gab da babbar salla, na ce a kai ni in dubo kwikwiyar. Na tarar ƙofar a rufe, na ƙwanƙwasa. Sai haushi daga ciki, babban haushi, ba na kwikwiya ba. Na yi mata magana irin yadda na saba, ta ƙara ƙarfi, tana tono ƙasa a ƙarƙashin ƙofa. Ina nan tsaye a rana har dattijon ya zo, ya daka mata tsawa, ta koma gefensa ta zauna tana harara ta. Hajiya ta fito daga wajen raguna tana ba ni haƙuri, wai karyar ba ta gane ni ba ne. Na ce ta bar ta, haka ake so. Na sha ruwa, muka gaisa, na ce a mayar da ni gida.