Dalar Karan Dawa

Shekarar da aka ba mu mulkin kai ina aji huɗu a firamaren Bagudo. Malamin aikin hannu ya ce ajinmu zai gina dala ta karan dawa domin ranar biki. Kowane ɗalibi zai haɗa 'yan ƙananan daloli, kowace da kara shida da aka soke da ƙayar aduwa, sannan a jera su, wata kan wata, su zama babba guda. Ya ce wanda nasa suka ƙi shiga, ba zai tsaya gaban jama'a ba ran nan. Ni kuwa na riga na gaya wa mahaifina ya zo daga Kende ya gani.

Rula ɗaya ce a makarantar, tana aljihun Malam. Da ita ya yanka kara ɗaya, ya ce shi ne ma'auni. Na farko ya yanka nasa a jikin na Malam, na biyu a jikin na farko, haka aka bi har ƙarshen aji. Ni hankalina bai kwanta ba. Na jira aka fita tara, na roƙi Malam karansa na ainihi, na gwada, na sake gwadawa, sannan na sa wuƙa.

Ranar haɗawa nawa suka ƙi zama. Duk inda na ɗora, sai kusurwa ɗaya ta tsaya a iska. Gajeru ne.

Zuciyata ta tafi kan abokin zamana, wani dogo da iyayensa suka ƙauro daga tsallaken iyaka, wajen Dahome. A ƙarƙashin bencinmu nake ajiye karana, kuma na sha ganin wuƙa a aljihunsa.

Na ce, "Kai ka rage mini su."

Ya ce, "In rage in kai ina? Miya za ni yi da su?"

"To mi ya sa naka suka shiga?"

"Don ni ban tsaya ina yi wa kara alwala ba, Liman."

Aji ya fashe da dariya, dariyar ta ƙara mini zargi. Na shiga duba bakin kowane kara ina neman sabon yanka. Har sansanawa na yi.

Malam ya zo ya zaro rula. Ya gwada nawa, daidai. Ya gwada na abokin zamana, ya wuce da faɗin yatsa. Ya bi layi, kowa ya ɗara na gabansa da kaɗan, don duk mai yanka yana tsoron ya gaza, sai ya bar ɗan saura. Nasu sun yi kusa da juna, ƙaya ta ja su sun haɗu.

Na ce, "Malam, ke nan su za su rage."

Ya dubi dalar da ta kai ƙirjinsa, ya dube ni. Ya ce, "Naka daidai ne, yaro. Amma biki jibi ne, kuma ba a ƙara wa kara tsawo."

Ran biki na tsaya cikin 'yan kallo, kusa da mahaifina. Ya tambaye ni wanne ne nawa a ciki. Na ce suna aji. Ina faɗa ina ta kallon yaron da ya fara yanka a jikin na Malam, ina so in gane ko da gangan ya bar sauran nan.